Allurar Ƙwaƙwalwar Saniya

Inna makitsiya ce. Tun kafin in yi wayo matan Ƙofar Kwaya ke zuwa tsakar gidanmu su baje kan tabarma suna jiran layi, ita kuma tana bisa kujera 'yar tsuguno da kibiya a bakinta, kan wata a cinyarta. Ni ce 'yar farinta, don haka ban tashi a hannunta ba. Goggo ce ta ɗauke ni tun daga yaye, ta rene ni a Ƙofar Sauri, kuma a unguwar na yi aure. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kamar yadda iyaye na da ke yi wa ɗan fari. Da ina ƙarama "ke" take ce mani, ko "waccan" idan da wani take magana. Da na fara koyarwa a makarantar 'yan mata sai ta samu mafita, ta koma kira na Malama kamar kowa. Idan na je gaishe ta mukan zauna nesa-nesa, ta tambayi maigidana da yara, in tambayi jikinta, sai hira ta ƙare.

A shekarun ƙarshe na mulkin soja hannunta na dama ya fara karkarwa. Da farko babban yatsa ne da manuniya ke murzar juna, kamar mai jan carbi. Daga baya abin ya hau har gwiwar hannu. Tsagar kitsonta da aka sani miƙaƙƙa ta fara karkacewa, wata rana kuma kibiya ta kubce mata ta yanki wata amarya a bayan kunne. Matan ba su daina zuwa lokaci ɗaya ba. Wannan ta ce kanta na ciwo, waccan ta ce mijinta ya hana ta fita, har tabarmar ta koma ta shanyar kuɓewa. Wasu suka ce iska ce ta taɓa ta, wasu suka ce wata makitsiya ce ta yi mata aiki. Babanmu ya riga ya rasu, ƙannena maza biyu suna neman abinci a kudu, saboda haka lamarin ya faɗo kaina.

Likitan da muka gani a asibiti mutum ne mai sanyin magana, ya yi karatu a ƙasar waje. Ya sa Inna ta yi tafiya daga ƙofa zuwa taga, ya lanƙwasa hannunta ya miƙe, sannan ya ce mani ciwon daga ƙwaƙwalwa yake. Wani sashe ne nata ke lalacewa a hankali, kuma ba a san abin da ke tsayar da shi ba. Ya rubuta ƙwayoyin da za su rage karkarwar, ya ce za su taimaka amma ba za su warkar ba. Na kasa karɓar wannan magana. Duk komawar da muka yi sai na tambaye shi ko babu wani abu, ko a Turai, ko a ko'ina. Ina jin gajiyar da ya yi da ni ce ta sa wata rana ya ce akwai wata allura da ake gwadawa a wasu ƙasashe, daga ƙwaƙwalwar shanu ake tace ta. Ya nanata cewa gwaji ne, wasu sun ce sun ga amfani, wasu ba su ga komai ba, shi ba zai ce in saya ba. Abin da ya shiga kunnena kawai shi ne akwai allura.

A bakin titin unguwarmu akwai wani Alhaji mai kemis, wanda ke yawan zuwa Jidda da Alƙahira sarin kaya. Maigidana ya kai mashi sunan maganin, ya ce zai duba. Bayan tafiyarshi ta biyu sai ga shi da kwali ɗaya, cike da 'yan kwalabe sirara kamar ƙaramin yatsa. Ya ce da ƙyar ya samu, kuma kada mu bari zafi ya taɓa shi. Da yake wuta ba ta zama, sai na naɗe kwalin a leda na binne shi cikin jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randar Inna.

Wata maƙwabciyarta ma'aikaciyar jinya ce ke yin allurar, a ɗuwawu. Ni ke riƙe zanen. Ban taɓa ganin ko cinyar Inna ba sai a lokacin, ita kuma takan juya fuska ga bango ta rufe ido. Idan aka gama ba ta kallo na, ba na kallon ta, sai in fita tsakar gida in kama wanke-wanken da ba a sa ni ba.

Ba a daɗe ba na fara ganin canji. Idan na zo bayan tashi daga makaranta sai in tarar da ita zaune tsaf, hannun kwance cikin zane. Ta riƙe kofin shayi a gabana bai zube ba. Wata Juma'a ma ta jawo ƙaramar ɗiyata ta yi mata kalaba guda huɗu, ba su yi kyau kamar na da ba, amma kitso ne. Murna ta hana ni riƙe bakina. Na faɗa a ofishin malamai, na faɗa a gidan suna, na faɗa wa matan da suka guje mata cewa an samo magani daga waje, nan ba da daɗewa ba Inna za ta koma sana'arta. Har da ƙari na yi, na ce likita ne da kanshi ya ce za ta warke.

Kwali na biyu ya zo a makare. Na uku bai zo ba.

A lokacin gari ya ɗauki zafin siyasa. Sojoji sun sa ranar miƙa mulki, hotunan 'yan takara sun rufe katangu har da jikin ganuwa, 'yan acaɓa na yawo da tutoci. Duk abin da ka nema ka rasa, daga kananzir zuwa taki, sai a ce maka ka dakata farar hula su hau. Haka Alhaji ya ce wa maigidana game da allurar. Sai da na je da kaina na tsaya a gaban kantar kemis ɗin na ƙi tafiya, sannan ya faɗa mani gaskiya. Ya ce wata cuta ce ta ɓulla a shanun Turawa, tana haukata su, kuma ana tsoron tana kama mutum ta hanyar ƙwaƙwalwarsu, don haka an hana sayar da duk abin da aka tace daga gare ta. Ya ce ko kafin hanin ma abin kaɗan ne, don sai an tara ƙwaƙwalwar garke guda kafin a samu abin da zai cika 'yan kwalaben nan. Mutumin da ke samo mashi a Alƙahira ya ce kada ya ƙara tambaya. Kuma shi kanshi Alhaji ya shiga takara, ba shi da lokacin tafiya.

Na dawo gida da tsoro biyu. Na farko, ko na riga na sa wa Inna cutar shanun a jiki. Likita ya kwantar mani da hankali gwargwadon iko, ko da yake bai ce mani babu haɗari sam ba. Na biyu kuma, me zan ce wa mutane. Matan da na cika wa baki suka fara tambaya, wasu da tausayi, wasu da wani abu daban. Yaya jikin Inna, an ce ta kusa fara kitso? Sai in ce da sauƙi, in sauya magana. Na daina bi ta lungun da aka san ni, na koma zagayawa ta bayan masallaci.

A cikin wannan hali ne wata dabara ta zo mani, wadda a lokacin na ga babu mai hankali kamar ta. Idan daga ƙwaƙwalwar saniya ake yin maganin, ai mu ma muna da shanu, kuma namu lafiyayyu ne. An tura maigidana aiki Funtuwa a watannin, ban kuma so in aiki kowa don kada zancen ya bazu. Sai na yafa babban mayafi wata Asabar da safe, na hau acaɓa zuwa kwata.

Ban taɓa shiga wurin ba. Jini na bin lambatu, ungulaye bisa rufin kwano, maza ba riguna suna ɗauke da cinyoyi a kafaɗa. Matan da ke wurin masu tuwo-tuwo ne da suka zo sayen kai da ƙafa, sun san kowa, kowa ya san su. Ni na tsaya gefe da takalmin makaranta ina ɗage zane. Wani dattijon mahauci ya dube ni ya ce, "Malama, lahiya? Mi kika zo nema nan?" Ashe mahaifin wata ɗalibata ne. Na ce ƙwaƙwalwa nake so, ita kaɗai, ba tare da kan ba. Bai tambayi dalili ba. Ya sa gatari ya fasa kai biyu, ya kwaso ta da hannu ya zuba mani a leda, tana da ɗumi. Ya ce duk Asabar zai riƙa ajiye mani. Da na juya na ji wani daga cikin samarin ya ce ai shi ya sa 'yan boko suka fi mu ilimi, sauran suka kwashe da dariya. Har na iso gida kunnuwana na zafi.

Na riƙa dafa ta da albasa da ɗan yaji, wani lokaci in soya da ƙwai. Inna ta tambaye ni sau ɗaya ko mene ne, na ce magani ne, irin na allurar. Takan ci a hankali da hannun hagu, ta kora da ruwa bayan kowace loma. Mun yi watanni a haka. A makaranta na lura ɗalibata ɗiyar mahaucin ta daina haɗa ido da ni, na kuma ji wasu 'yan aji suna raɗa wani suna da suka laƙaba mani, da ƙwaƙwalwa a cikinshi.

Ma'aikaciyar jinyar ce ta faɗa wa likita abin da nake ba Inna. Da muka koma bai yi dariya ba, kuma na so a ce ya yi. Ya jira Inna ta fita, sannan ya bayyana mani, kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya, cewa abin da aka ci ciki ne ke narkar da shi kamar kowane nama, ba ya tafiya ƙwaƙwalwa don ya fito daga ƙwaƙwalwa. Ya ƙara da cewa kitsen da ke cikinta bai dace da mai shekarun Inna ba. Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane, na zauna ina kallon yatsun ƙafata. Ban koma kwata ba, ban ma aika wa dattijon cewa ya daina ajiyewa ba.

Aka rantsar da farar hula. Alhaji ya ci zaɓe, ya bar kemis a hannun ƙanenshi, ƙofar gidanshi ta zama kasuwa. Duk da abin da likita ya faɗa, zuciyata ba ta saki allurar ba, don na ga abin da na gani da idona. Sai na shiga sahun matan da ke zama a tsakar gidanshi da hantsi, masu neman atamfa, masu neman a sa ɗa aiki, masu neman kuɗin awo. Uwargidanshi ta san ni, takan ce a ba Malama kujera, wannan kuma ya fi zaman tabarmar ciwo, don sai kowa ya juyo ya ga ko wace ce. Na yi ta zuwa ina komawa ban gan shi ba. Da na samu ganin shi ya ce bai manta ba, zai je Umra, zai bincika.

Bayan ƙaramar salla ya aiko a kira ni. Ya sallami mutanen da ke falon, ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin kujera, launinshi daban da na farko. Ya ce magani ɗaya ne, aiki ɗaya, amma tun da aka hana na shanu masu yin shi sun koma wata dabba. Ya rage murya.

"Malama, na alade ne. Na kawo maki don na yi alkawari. Amma don Allah ko a bakin wa, ba daga hannuna ya hito ba. Kin san halin da nike ciki yanzu."

Na karɓa. Ban san dalilin da ya sa na yi godiya har da durƙusawa ba. Na tura kwalin cikin mayafi na matse shi a hammata, na bi titi ina jin kamar duk wanda ya gaishe ni ya san abin da nake ɗauke da shi. Ban kai shi gidan Inna ba. Ƙarƙashin randarta ba wurinshi ba ne, randar da take alwala da ruwanta. Na kai shi ɗakina na tura bayan akwati, na wanke hannu har sau nawa ban sani ba, alhali kwali kawai na taɓa.

Na yi tunanin in miƙa wa ma'aikaciyar jinyar kwalin ba tare da na ce komai ba. Kwalaben iri ɗaya ne, Inna ba ta karatun boko. Na juya wannan tunani kwana da kwanaki, ina salla da shi a raina. Da maigidana ya dawo hutun mako na faɗa mashi. Ya ce wannan ba hukuncinmu ba ne. Ya je wurin malamin da yake ɗaukar karatu, ya yi tambayar kamar game da wasu mutane can. Malam ya ce lalura na halatta abin da aka hana, idan babu wani magani na halal, kuma likita amintacce ya tabbatar cewa wannan ɗin na warkarwa. Muka koma wa likita da wannan sharaɗi. Ya ce ba zai iya tabbatarwa ba, ko na shanun ma bai taɓa tabbatar mani ba. Da na tuna mashi sauƙin da Inna ta samu, sai ya ce in tambaye ta.

Na same ta da la'asar tana zaune a ƙofar ɗaki, hannun na bugun cinyarta. Na zauna nesa kamar kullum. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce an samu allurar, amma akwai magana. Sunan dabbar ya ƙi fita daga bakina a gabanta, sai na ce daga abin nan ne da ba a ci. Ta gane. Ba ta yi salati ba, ba ta ɓata fuska ba. Ta tambayi abin da malam ya ce, na faɗa mata. Ta tambayi abin da likita ya ce, na faɗa mata. Na ƙara da cewa ni dai na ga amfanin ta farko, na ga ta riƙe kofi, na ga ta yi kitso.

Ta daɗe tana kallon hannun nata.

"Malama, ƙwayar nan ta likita, in na sha takan kwantar da shi na ɗan lokaci. To, na san sa'ar da kike tasowa makaranta. Sai in jinkirta sha sai kin kusa isowa. In ta hwara saki kina nan, sai in zauna bisa hannun."

Na ce to kitson fa?

"Ranar nan ƙwaya biyu na sha."

Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa mani ba. Ta ce ta ga ina murna, kuma ta ji irin wahalar da aka sha kafin a samo. Ta ce allurar ba ta ƙara mata komai ba sai tsamin ɗuwawu, ƙwaƙwalwar kuma tun tana yarinya ba ta iya cin ta, amma abu ne da ɗiya ta tashi da safe ta je ta nemo. Wannan ne karo na farko da na ji ta ce mani ɗiya, ko da yake ba ni take kallo ba, bango take kallo. Game da sabon kwalin kuwa ta ce ba ta zargi kowa ba, amma a bar ta ta je wa Ubangijinta da karkarwarta. In akwai wanda addininshi bai hana shi ba, a ba shi, kada a zubar.

Na so in ba ta haƙuri, ban san ta ina zan fara ba. Na tashi na ɗebo mata ruwan alwala, na ajiye butar kusa da hannunta na hagu, na ce zan tafi kada yara su dawo ba kowa.

Washegari na kai wa likita kwalin a cikin baƙar leda. Ya karɓa ya sa a durowa, ban tambaye shi abin da zai yi da shi ba, har yau ban sani ba. Ya gyara wa Inna lokutan shan ƙwayarta, ya kuma ja mata kunne kada ta ƙara shan biyu don kowa.

Tun da ciwon ya tsananta Inna ta daina shiga taro, kuma ni ban taɓa ƙarfafa mata gwiwar fita ba. Bayan wannan magana da 'yan makonni aka yi haihuwa a gidan da ke kallon nata, sai ta aiko a ce in zo in raka ta suna. Muka shiga tsakar gidan cike da mata, rabinsu kawunansu sun taɓa kwanciya a cinyarta, kuma kusan dukansu sun ji alkawarin da na yi da bakina. Inna na tafe da gajerun taku, hannun na rawa a fili, ba ta ɓoye shi cikin mayafi ba. Aka yi mata wuri, aka kawo kunu. Wata ta ɗago murya daga can gefe ta tambaye ni ina labarin maganin waje. Inna ce ta amsa, ta ce ya ƙare, kuma Malama ta yi iyakar ƙoƙarinta.

Ta kai hannu ga kofin, kunun ya fantsama a zanenta da tabarma. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin in motsa, wata mata ta taso daga cikin taron, ita ce amaryar nan da kibiya ta yanka, yanzu da goyo a bayanta. Ta durƙusa ta riƙe mata kofin, Inna ta sha, ta tambaye ta wa ke yi mata kitso yanzu. Matar ta faɗa. Inna ta sa ta zame ɗankwali, ta duba, ta ce ba laifi, amma mai kitson tana ja da yawa a gaban goshi, ta faɗa mata ta rage. Muka zauna har aka yi kiran magariba, sannan na raka ta gida.